Dogon Idon da Na Saya da Kuɗin Tattasai

Kokowar garin Shetimari ce ta nuna mini cewa kamarar da nake taƙama da ita ba ta gani da nisa. Bayan girbin tattasai ne, mutane sun sayar, aljihu ya yi nauyi, aka shirya kokowa a filin bayan kasuwa. Akwai wani ɗan kokowa, Kyari, wanda a shekarar ba a kai shi ƙasa ba a duk kwarin kogin Komadugu. Ya aiko yayansa har shagona a nan Diffa, ya ce yana son hoton lokacin da zai ɗaga abokin karawarsa sama, babba, wanda za a sa a gilashi a rataye a zaure. Na ce an gama. Na fi shekara ashirin ina hoto a lokacin, ban ga abin da zai gagare ni ba.

Na tafi da idon da nake ɗaukar biki da suna da shi. Mutanen nan obijektif suke cewa, 'yan Najeriya su ce lens, ni dai ido nake kiransa, don shi ne gilashin da ake ɗaura wa kamara a gaba take gani da shi. Kowane ido da lambarsa, in lambar ta yi yawa ya fi jawo abu kusa. Nawa iyakarsa hamsin da biyar. Masu tsaron fili suka zaunar da mu bayan buhunan yashi, suka ce duk wanda ya tsallake za a fitar da shi. Kyari ya ɗaga mutumin nan kuwa, har sau biyu, na kuma danna daidai lokacin. Da na dawo shago na buɗe a kwamfuta, sai ga fili, ga jama'a, ga sararin sama, ga wasu mutum biyu can tsakiya kamar ƙudaje. Na jawo su kusa, fuskokin suka watse. Na dai wanke na ba yayan nasa. Ya duba, ya ƙara dubawa, ya ce, "Malam Isufu, wanne ne Kyari a nan?" Na nuna masa da yatsa. Ya ce, "To ai ko ni ne a wurin, haka zan fito." Ya ajiye mini hoton a kan tebur cikin ladabi, ya yi sallama ya tafi.

Ina ba ku wannan labari ne saboda ku da kuke shigowa shagon nan kuna cewa hoto ai dannawa ne kawai. Kowannenku da waya a hannu, ku sa yatsu biyu a kan gilashi ku buɗa, ku ce kun jawo abu kusa. Ba ku jawo komai ba, yankan hoton kuka yi kuka kumbura shi, abin da na yi wa Kyari ke nan. Wasunku kuma sun fara sayen kamara, suna zuwa suna tambayata wane dogon ido ne mai araha. Amsar ba suna ba ce da zan rubuta muku a takarda. Bari ku ji yadda na sami nawa.

A Damagaram na koyi sana'ar nan, wurin Malam Habu, lokacin ana aiki da fim. Wata shida na yi bai bar ni na riƙe kamara mai fim a ciki ba. Da hantsi zai zaunar da ni a bakin titi da kamara wadda babu komai cikinta, ya ce in bi masu keke da masu amalanke ina murza zoben saiti, kada in bar su su dushe. Yana zaune gefe yana shan shayi, sai kawai ya ce, "Tsaya!" In cire hannu. Ya karɓi kamarar ya karanta lambar da zoben ya tsaya a kai, sannan ya tashi ya auna da ƙafa zuwa inda mai keken yake lokacin da ya yi magana. In na yi kuskuren taku biyu sai ya ce, "Ka ɓata fim ɗin mutane." Ni kuwa ina cewa a raina wane fim, alhali fanko ce. Daga baya kamarori masu saita kansu suka zo, na ɗauka duk wahalar nan ta tashi a banza.

Diffa kuwa bikin wani ɗan kasuwa ya kawo ni. Na ga masu hoto ba su da yawa, na ga manoman tattasai in sun sayar suna son su ga kansu a takarda da sabuwar riga, sai na zauna. Na auri Falmata, 'yar kwarin nan, mahaifinta ya yanka mana ɗan fili a bakin ruwa muna taɓa noman rani. Shekarar kokowar nan tattasanmu ya yi kyau, kuma tun kafin a tsinke shi mun riga mun yi magana cewa injin ban-ruwa za mu saya, mu daina jiran na maƙwabta. Da na kawo mata zancen ido, ta ci gaba da tsince shinkafa. Can ta ce, "Inji zai iya jiran baɗi. Amma in ka je ka dawo da abin da ba ya aiki, kai za ka je ka yi wa Baba bayani da bakinka, ni ba ruwana." Na ce na yarda. Kun ga ke nan ba kuɗin da zan gwada in sake ba ne. Saye ɗaya ne, in ya ɓaci ya ɓaci.

Na biya ta Damagaram a kan hanyar Kano don in gaida Malam Habu. Ya tsufa, ido ya yi rauni, ya bar shagon. Na ce masa ina son ido mafi tsawo da kuɗina zai iya saye. Ya ce, "Taku nawa ne tsakaninka da 'yan kokowar?" Na ce ban auna ba. Ya ce, "Shekara nawa kana aiki, ba ka auna ba?" Ya sa na fita ƙofar gida, ya tsaya jikin bango, ya ce in yi ta ja da baya har in kai nisan da nake jin shi ne. Na ja na tsaya. Ya ce in dawo ina ƙirgawa. Talatin da biyar.

Ya ce, "Ɗari uku ya ishe ka. Za su nuna maka mai lamba dubu, kada ka kalli lamba. Ka kalli faɗin bakinsa, ka ga ko haske yana shiga. Dogon ido marar haske, gara ka tsaya gida. Kuma kada ka gwada shi a cikin shago, ka fita da shi waje."

A Kano aka kai ni wani shago a saman bene, na wani Alhaji Sabo, kamarori da idanu jere a cikin gilashi, sababbi da na hannu. Na ɗauko kamarata daga jaka na ajiye, na faɗi iya abin da nake da shi tun farko, don ban ga amfanin ɓoyewa ba. Ya ce, "Na Nijar, ai ka zo gida." Ya shiga ciki ya fito da wani kwali dogo. Ido ne fari, sabo dal, da ya zare shi ya kai tsawon hannuna tun daga kafaɗa. An rubuta ɗari shida da hamsin zuwa dubu ɗaya da ɗari uku a jikinsa. Kuma kuɗinsa rabin abin da ke aljihuna. Ya ce, "Da wannan kana Diffa za ka ga mai shayi a Maiduguri." Gaskiya raina ya biya. Na hango kaina na shiga filin kokowa da wannan abu, ga kuma sauran kuɗin da zan mayar wa Falmata.

Na ce zan fita da shi baranda. Bai so ba, amma ya bari. Akwai allon wani asibitin haƙori a ƙetaren titi, na ce bari in karanta rubutun. Da farko ma na kasa samun allon. Ina ɗagawa sai in ga bango, in motsa kaɗan in ga sama. Da na same shi, ga duhu kamar magariba alhali rana tsaka ce, rubutun yana ta tsalle da bugun zuciyata. Na jingina da ƙarfen baranda na danna. Na duba bayan kamara, harufan sun yi kauri, kowanne da shuɗin gefe kamar an zuba masa shuni. Allo ne fa, wanda ba ya motsi. To ina ga mutum biyu da ke juyi a cikin yashi? Na mayar masa da shi cikin kwali na ce Allah ya kawo mai rabo.

Ya fito da na biyu, saba'in zuwa ɗari uku, sabo shi ma, baƙi, marar nauyi, jikinsa roba. Wannan ba na zaginsa, kuma in ɗayanku ya ce shi zai fara da shi, ba zan hana ba. Yana saita kansa, yana shiga jaka, kuɗinsa daidai da nawa. Na gwada shi a allon nan. A ɗari biyu ya fito tas. Da na kai shi ƙarshe, ɗari uku, inda nake buƙatarsa, sai rubutun ya yi laushi, kuma ƙofar haskensa ta tsuke. Kokowa kuwa sai bayan la'asar take ɗaukar zafi, manyan karawa ana yin su rana na shirin faɗuwa. Na sa shi ya bi wani mai babur da ya shiga inuwar bene, sai ya yi ta kai da komo yana nema, kafin ya samu mutumin ya wuce. Na ajiye shi gefe, ban ce a'a ba.

Akwai wani babba a saman kanta, mai faɗin baki kamar kwanon sha. Na tambaya don in ji kawai. Kuɗinsa zai sayi filin gida a Diffa. Muka yi dariya ni da Alhaji Sabo, ya ce na 'yan jarida ne.

Ina shirin cewa a naɗe mini na robar nan sai na hango wani a ƙasan kanta, a kwance cikin tarkace, babu murfi. Ƙarfe ne, fenti ya goge a gefuna, bakinsa ya ɗan lotsa a wuri ɗaya. Ɗari uku ne cif, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, amma gilashin gabansa ya kusa ninka na robar a faɗi. Na ce wannan fa? Ya ce, "Bar shi, matacce ne. Injin saitinsa ya ƙone, mai gyara ya ce babu kayansa. Wa zai sayi ido da ba ya saita kansa a zamanin nan?"

Na ce ya miƙo mini. Ga abin da na yi, ku riƙe shi, don duk wanda zai sayi na hannu sai ya yi haka. Na kunna tocila na haska ta baya ina leƙe ta gaba. Ƙura kaɗan a ciki ba komai ba ce, ba ta fita a hoto. Abin tsoro shi ne funfuna, wadda take shimfiɗa kamar saƙar gizo a jikin gilashi, da hazo mai kama da tururi. Wannan babu ko ɗaya. Na karkata shi ga haske in ga ko an goge gilashin da bakin riga har ya yi zane, sai ɗan ƙarce guda a can gefe. Na taɓa ɗan makunnin da ke bayansa, ganyayen ƙofar haske suka rufe suka buɗe da sauri, babu maiƙo a jikinsu. Na kai shi kunne na girgiza, ba abin da ya yi ƙara. Sannan na murza zoben saiti da yatsa biyu tun daga farko har ƙarshe. Yana tafiya sumul, da ɗan nauyi, babu ƙurus-ƙurus na yashi. Rabona da jin zobe irin wannan tun bakin titin Damagaram.

Na ɗaura shi na fita baranda. Allon ya fito har ina ganin inda mai fenti ya kuskure ya gyara. Wani mai kurar ruwa ya taho yana turawa, na bi shi da hannu, na danna sau biyar. Huɗu sun fito, har zufar goshinsa. Ban nuna wa Alhaji Sabo ba, na dai dawo na tambayi kuɗi da fuskar wanda ba ya so. Amma ɗan kasuwa ne, ya ga yadda na riƙe abin. Ya faɗi kuɗin da ya ɗara nawa. Muka yi ta ja har aka kira azahar, muka je muka yi salla tare, muka dawo muka ci gaba. Daga ƙarshe na ciro wata tsohuwar fitilar kamara da nake da biyunta na ɗora a kai, ya ce, "Allah ya sa albarka, amma ka sani in ka sauka benen nan ba a dawowa da shi." Na ce na sani. Ya nemo mini murfin da ya yi daidai da bakinsa kyauta.

Da na iso gida Falmata ta ɗaga shi ta juya, ta ga fentin da ya goge, ta ce, "Tsoho ka sayo?" Na ce tsoho ne. Ta ce, "Injin ban-ruwan namu ke nan?" Na ce ta fita ta tsaya can ƙarshen layi wajen bishiyar dogonyaro. Ta tafi tana mita. Da ta dawo na nuna mata, har zanen 'yan kunnenta ya fito, bayanta kuma duk ya narke ya zama launi, babu kwata, babu awakin maƙwabta. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "To, a wanke mini wannan."

Kada ku ɗauka daga nan shi ke nan. Sati uku ina ɓata hotuna. Dogon ido yana ƙara girman abu, yana kuma ƙara girman rawar hannunka. Na koyi matse gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, in saki numfashi rabi sannan in danna, in kuma ƙara saurin ƙyaftawar kamara fiye da yadda na saba. Ƙafafu uku na kanti da ake ɗora kamara a kai sun fi ƙarfina, sai Falmata ta ɗinka mini ɗan buhu na cika shi da gero, duk inda na samu katanga ko kan mota in ɗora shi in kwantar da idon a kai. Na kuma gane abin da ba wanda ya gaya mini: a ƙasar nan, daga hantsi zuwa la'asar iskar da ke kan ƙasa rawa take yi saboda zafi, duk tsadar idonka abu mai nisa zai fito a lanƙwashe. Aikin nesa na sassafe ne ko na yamma.

Wani dillalin shanu ne ya fara biyana kuɗi mai kauri saboda idon nan. Yana da masu saye a Kano da ke son shanun Kuri, masu manyan ƙahonin nan farare, kuma suna son su gani kafin su aiko. Shanun ba sa yarda da baƙo, kana matsowa sai su juya maka baya su watse. Na zauna a kan tudu tun fitowar rana, makiyayin ya bi da su ta gabana, na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, kowace a tsaye yadda take. Daga nan sai 'yan ƙwallo, sai makarantu ranar wasanni. A wajen biki ma na gano mata sun fi kyau in ba su san ana ɗaukarsu ba, sai in tsaya can bakin rumfa in ɗauki uwar amarya tana dariya da ƙawayenta. Kyari kuwa da kakar ta zagayo na sake zuwa ba tare da an kira ni ba. A wannan karon shi aka kayar, amma na samu lokacin da ya cusa kai ya kama ƙafar mutumin, jijiyar wuyansa a tashe, yashi na tashi. Ya saya, ya ce kada in gaya wa kowa yadda karawar ta ƙare. Injin ban-ruwa mun saye shi a shekarar, kamar yadda aka ce.

Sai shekarar da ba ta yi kyau ba ta zo, ta tashin hankalin nan, kun san ta, wasunku ita ta kawo iyayenku garin nan. Aka hana babura, aka tsayar da fataucin tattasai da na kifi, aka ce a bar bakin ruwa. Ba kokowa, ba ƙwallo, biki sai a ɗaura aure a watse. Ranar da na fita da idon nan a kafaɗa, wani jandarma da ya san ni ya ja ni gefe ya ce, "Malam Isufu, daga nesa abin nan ba ya kama da kamara. Don Allah ka ajiye shi." Gaskiya ya faɗa. Na naɗe shi a tsumma na sa a akwatin ƙarfe, sai dai duk sati biyu in fito da shi tsakar gida ya sha iska, in murza zoben don kada ya daskare. Abin da ya riƙe shagon nan shi ne hoton kati. Mutane sun cika gari daga ƙetaren kogi, wato Najeriya, da ƙauyukan Tumur, kowa ana neman hotonsa a takardar rajista. Na rataya farin ƙyalle, daga safe zuwa yamma ina cewa ɗaga haɓa, kalle ni, kada a rufe ido. Ba aikin da ake alfahari da shi ba ne, amma mun ci abinci da shi, kuma na yi shi da kyau. Wanda ya zo ba shi da ko sisi ban kore shi ba.

A cikin masu hoton katin nan na san Modu, magidanci ne, yana aikin ƙodago a gonakin mutane, suna zaune a Gagamari shi da mahaifiyarsa, wadda ake kira Ya Amsa. Bayan abubuwa sun ɗan lafa, lokacin sanyi, ruwa ya cika kogi, ya zo shago ya zauna. Sannan ya ce ƙanwarsa Yagana tana ƙetare, mijinta ya koma ƙauyensu yana noma. Ta haihu, namiji, ɗanta na fari. Shekara uku mahaifiyarsu ba ta sa ta a ido ba. Kwalekwale an hana, hanyar mota kuwa zagaye ne mai nisa da tsohuwa ba za ta iya ba. Suna magana ta waya, don layinmu yana kaiwa bakin ruwan can, amma wayarsu ƙarama ce mai tocila, ba ta hoto. Ya ce, "An ce kana da wani abu da ke ganin nesa."

Na ce ina da shi, amma ba zan kai shi bakin ruwa a ɓoye ba. Muka je wurin bulama, wato mai garin, shi ya raka mu wurin shugaban sojojin da ke tsaron wajen. Na ajiye idon a kan teburinsa na ce, "Shef, ga abin, ga kuma dalili." Ya ɗauka ya leƙa ta ciki, ya nufi wata bishiya, ya ce duhu yake gani. Na cire masa murfin. Ya yi dariya, ya tambayi Modu sunan ƙauyen da sunan mijin, ya ce jibi da safe, minti goma, soja ɗaya zai bi mu, mutanen kawai zan ɗauka, kuma in na gama zai ga kowane hoto.

Modu ya san wata kwana inda kogin ya tsuke, ya gaya musu ta waya su zo nan. Muka isa rana ta ɗan ɗaga, iska a kwance, ga sanyi. Kwalekwalen masunta suna kife a kan tudu, na ɗora buhun gerona a bayan ɗaya na durƙusa. Su uku ne a can, mace da mayafi ruwan goro, namiji, da wata tsohuwa, uwar mijin. Ya Amsa ta tsaya ta kare ido da hannu, ta ce ita launi kawai take gani. Na leƙa, nisan ya fi na filin kokowa sau biyu, ga rana ta gefen bayansu, fuskokin a inuwa. Na ce wa Modu, "Gaya musu su matso har bakin ruwa, su juya kafaɗa wajen gabas." Yana faɗa a waya da Barbarci, ina ganin su suna gyarawa. Mijin ya naɗe wando, ya karɓi jaririn ya shiga ruwa har gwiwa, Yagana na riƙe da rigarsa ta baya tana yi masa faɗa. Ya buɗe zanen ya ɗaga yaron. Sanyi ya taɓa shi, ya tsandara kuka, har nan muna ji. Na murza zoben a hankali har fuskar ta tsaya, na danna, na sake, na sake. Sannan na ce a mayar wa uwar, na ɗauke su tare, na ɗauke ta ita kaɗai tana ɗago hannu. Sojan ya duba agogo, ya kau da kai, ya ƙara mana kamar minti biyu kafin ya ce mu tashi.

Shef ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya ya ce mu tafi. Na yanke su a kwamfuta daidai inda ba za su watse ba, na wanke uku a babbar takarda. Ba zan yi muku ƙarya ba, fuskar jaririn ba ta fi kan babban yatsa ba, amma ana ganin ido da baki da kunne. Na kai musu Gagamari da kaina washegari.

Ya Amsa tana zaune a tabarma a ƙofar rumfarsu. Na miƙa mata na jaririn tukuna. Ta kai shi kusa da fuska ta duba, ta yi murmushi, ta ce kunnuwan gidansu ne, ta miƙa wa maƙwabta suna ta karɓa. Sai ta ɗauki na Yagana ita kaɗai. Wannan ba ta ba kowa ba. Ta matsa inda haske ya fi, ta bi shi da yatsa, ta tsaya a wuya, ta gangara zuwa hannun da aka ɗaga, inda warwaro ya kama tsintsiyar hannu bai zame ba. Ta daɗe a haka, har Modu ya ce, "Ya, lafiya?"

Ta ce da Hausarta mai nauyi, don in ji, "Kullum a waya tana ce mini suna ci suna ƙoshi. Ni na haife ta, na san za ta faɗi haka ko da ba haka ba ne." Ta ɗora hoton a cinya ta dafe shi da tafin hannu. "Ba ta rame ba. Modu, kawo wa mai hoto ruwa."